Danshi da Hannun Baba Dalma

A unguwar da Baba Dalma yake da shago, danshi ɗan gida ne. Da zarar damina ta kankama, gishiri sai ya jiƙe a cikin kwalba da murfinta a rufe, ashana ta ƙi kamawa, takalmin da aka manta a ƙarƙashin gado ya wayi gari da furfurar fumfuna. Bango ma gumi yake yi kamar ɗan dako. Wannan danshin shi ya ciyar da Baba Dalma da iyalinsa shekara da shekaru, domin shi ne ke shiga cikin rediyo da talabijin ya cinye musu hanji, a kwaso a kawo masa gyara. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Dalmar da yake narkawa yana liƙe wayoyi ita ta raɗa masa suna, har matarsa Iya, idan za ta yi wa baƙo kwatancen gida, da sunan nan take yi.

Tun ciwon da ya kwantar da shi bara hannayensa suka kama rawa, na dama ya fi. Idan ya ɗauki kofin shayi, rabi shi ya sha, rabi riga ta sha. Bai yarda an ci shi ba. Ya ci gaba da karɓar aiki har ranar da ƙarfen dalma ya zame masa a cikin talabijin ɗin wani mutum, ya haɗe hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba, hayaƙi ya turnuƙe. Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa. Mutane kuwa haka suke, aikin kirki na shekaru ba ya zama a bakinsu kamar kuskuren yini ɗaya. Ƙafa ta ɗauke. Kullum da safe sai ya buɗe, ya share, ya goge teburi, ya zauna shi da tsofaffin rediyoyin da masu su suka manta da su. Mai yi masa magana sai maƙwabcinsa mai gyaran taya, Mai-faci, wanda abinci ba ya wuce masa a maƙogwaro in bai tsokane shi ba.

Babban ɗansa direban babbar mota ne, bai cika zama a gari ba. Wata rana da la'asar ya dawo daga tafiya, ya tarar da uban a tsakar gida yana kokawa da maɓallin riga. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya fito da abin da ke cikinsa.

"Baba, makullin shagon nan nake so ka ba ni."

"Da shi ake tayar da motar taka?"

"Akwai wani abokina mai aski, wuri yake nema. Kai kuma ka huta haka nan. Ka yi mana iya yi. Zaman me kake yi a can, daga kai sai gizo-gizo?"

"Gizo-gizon ne ya kawo maka ƙarata?"

Iya tana bakin ƙofa tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka saurari yaron nan. Jiya da idona na ga ka kai kofin shayi kunne."

"Kunnena ko naki?"

Direba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba raini ba ne, Baba. Tsoro nake ji. Wata rana ƙarfen nan zai suɓuce maka, wuta ta ja ka, ko ta tashi ta haɗa da shagunan maƙwabta. Ina can bisa hanya za a kira ni a gaya mini."

Wannan maganar kam Baba Dalma shi ma ya sha tunaninta. Ya kai hannu ya dafe makullin da ke rataye da zare a wuyansa.

Ana haka sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa, ta shigo da ɗan kwali a hannu. Tana aure a layin baya, amma sana'arta a gidan iyayenta take. A ɗakin baya ta ajiye injin ƙyanƙyasa, tana zuba ƙwai tana fitar da 'yan tsaki. Injin kuwa wani allo ne ke mulkinsa, ɗan allo kore mai siraran hanyoyin jan ƙarfe, shi ke cewa zafi ya isa ko bai isa ba, shi ke juya ƙwai, shi ke ƙara danshi a ciki, don ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa a bushe. A zubin da ya wuce allon ya mutu ana tsakiyar aiki, ƙwan duk ya lalace, warin ya hana gidan sakat. Shi ne ta sayo sabo.

"Mu ga tsohon," in ji Baba Dalma.

Ta ɗauko masa. Ya kai shi kusa da ido. Ƙafafun ƙananan kayan da ke bisa allon duk sun yi kore-kore, wata hanya ma ta cinye ta rabu biyu.

"Mu ga sabon."

Ta buɗe kwalin, ta nuna masa daga nesa.

"Shi ma haka zai mutu. Tsirara yake. Kin ɗauki abin da ba ya shiri da ruwa kin liƙa shi a jikin akwatin da ke tururi dare da rana, ga damina a waje."

"Baba, ai haka ake sayar da shi."

"Ke ma haka aka haife ki, amma an sa miki riga. Kawo in shafe miki shi. Ina da man rufi a shago. In ya bushe sai ya zama fata siririya, ruwa ya zo ya rasa ƙofa."

Ya miƙa hannu. Hannun yana kaɗawa kamar ganye. Auta ta dubi hannun, ta dubi yayanta, ta mayar da kwalin bayanta ba tare da ta san ta yi ba. Duk abin da aka faɗa a tsakar gidan nan babu wanda ya soki tsohon kamar wannan. Yarinyar da ya goya a kafaɗa ta ɓoye masa allo.

Ya sauke hannun a hankali. Ya ce, "To ku ji. Ki ba ni allon nan. In na shafe shi, injin ya tashi, ya kai ƙwanki ga ƙyanƙyasa bai yi ko tari ba, makulli nawa ne, kada wanda ya ƙara ɗaga mini maganarsa har a fitar da ni daga gidan nan. In kuwa ya lalace a hannuna, ni da ƙafata zan kai wa mai askin, in zauna ya fara da kaina."

Direba ya ce, "Na yarda."

Auta ta ce, "Ku kun yarda. To ni fa? Ku da makulli kuke ja, ni ƙwaina ne a tsakiya. Na riga na tara, Yaya, ba zai yi ta jira ba."

Uban yana kallonta kawai. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta durƙusa ta ajiye kwalin a gabansa, ta shige ɗakin uwarta.

Washegari da sassafe ya buɗe shago. Ya wanke allon da sifirit, domin ko maiƙon yatsa aka rufe a ƙarƙashin shafi sai ya ɓata aiki. Ya sami kwali, ya rataya ƙwan lantarki a ciki, ya jingina allon nesa kaɗan da ƙwan, ya rufe. Ya ja kujera ya zauna.

Da rana ta take Auta ta leƙo.

"Baba, an gama?"

"Ban fara ba."

"Tun safe?"

"Bushewa yake yi."

"Ai a bushe na kawo shi. Ko ruwa bai taɓa gani ba."

"Ke kike ganin haka. Allon nan ya kwana a garin nan, ya sha iskar garin nan. In na shafe shi yanzu, na kulle ɓarawo a ɗaki ɗaya da kaya. Daga ciki zai ci shi, ke kuma kina ganin yana sheƙi kina murna. Jeki ki juya ƙwanki."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Bai kira ta ba.

Da la'asar ya sauko da gwangwanin man rufin daga kanta. Mai ne garai-garai mai ɗan yauƙi, warinsa har ƙwaƙwalwa. Ya ce bari ya gwada hannu a kan tsohon allon tukuna. Ya tsoma buroshi, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya ɗora.

Abin da ya fito ba ya ganuwa. Wani wurin man ya taru ya yi tudu, wani wurin buroshi ya tsallake ya bar fili. Digo ya faɗa cikin ramukan da ake cusa wayoyi, inda ko kusa bai kamata mai ya je ba. Shi kuwa ya san aikinsa. Shafin nan so ake ya yi siriri kamar ɓawon albasa, ko'ina daidai. In ya yi kauri zai riƙe zafi, ya tsage, danshi ya bi tsagar ya shiga ya zauna. Ya goge, ya sake. Na biyu ya fi na farko muni, don yanzu zuciya ta shiga hannun.

Mai-faci ya jingina da ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Maƙwabci, shafi kake yi ko kaza ce ta bi ta kai?"

"Jeka ka hura tayarka."

"Ni da zan ba ka shawara? Ka karɓi aikin yi wa yara fifita. Hannun nan ba ya buƙatar koyo."

Baba Dalma ya wurga masa buroshin. Ya kuskure, buroshin ya bugi bango. Mai-faci ya ɗauko, ya ajiye masa a kan teburi, ya ga fuskarsa, ya fita.

Tsohon ya zauna shi kaɗai. Ruwa ya soma sauka a kan kwanon rufi. Ya dubi shagon ya ga inda mai aski zai kafa madubi, da inda kujera za ta zauna, ya ga gashin mutane a ƙasa inda ɗigon dalma ya yi shekaru yana zuba. Ya ga kansa a tsakar gida a kan tabarma, ana miƙo masa abinci ana ɗauke kwano, jikoki suna tsallake ƙafarsa. Ya ce a ransa, ba da raina ba.

Kusa da gwiwar hannunsa akwai wata tsohuwar rediyo da aka cire wa baya, irin mai allura da ke tafiya a bayan gilashi. Hannunsa ya kai ga abin murɗa tasha, yana murɗawa ba don komai ba, kamar yadda mai tunani ke wasa da gemu. Can sai idonsa ya tsaya a kan allurar. Yatsunsa rawa suke yi, amma allurar tafiya take a natse, kamar ba hannunsa ke jan ta ba. Ya leƙa ciki. Siririn zare ne ya naɗe sandar abin murɗawar, ya zaga wata babbar ƙafa mai juyawa kamar ta keke, sannan ya ja allurar. Duk rawar hannun a nan take mutuwa. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya daɗe yana yi.

Sai ya ɗaga murya. "Mai-faci. Kawo mini sholishonka."

"Tayar wa ta fashe?"

"Ta bakinka. Kawo."

Da gari ya waye ya fitar da allon daga kwali, da ɗuminsa. Ba zai shafa da buroshi ba, tsoma shi zai yi gaba ɗaya. Amma kafin nan sai an toshe duk inda ba a son mai ya taɓa. Gilashin da ke nuna lamba da maɓallan dannawa ya rufe su da salatif. Ramukan wayoyi kuma ya ɗiga musu sholishon faci da tsinken ashana, wanda in ya bushe yake zama danƙo a ɓare shi. Wannan aikin bai ƙi hannu mai rawa ba, domin tudun ake so. Akwai wani ɗan ƙaramin rami a gefe, na wayar abin da ke shaƙar iskar cikin inji ya gaya wa allo yawan danshi. Baba Dalma hanci yake ce wa abin. Ramin hancin ya cika shi sosai, don in mai ya shiga nan an gama.

Ya tsinka man da ruwan tsinka fenti har ya zama kamar ruwan shayi, ya juye a wani gwangwani mai faɗi. Ya ɗora rediyon a kan kanta, ya ɗaura zare a jikin allurar, ya ratayo shi ta kan ƙusa, ya ɗaure allon a ƙarshensa, yana lilo a saman gwangwanin. Ya jira har lilon ya tsaya. Sannan ya kama abin murɗawa.

Allon ya sauka a hankali, ya nutse. Ya bar shi har ƙananan kumfa suka gama tasowa. Sai ya soma murɗawa baya, kaɗan-kaɗan, yana riƙe numfashi. Allon yana fitowa, man yana zamewa yana komawa gwangwani, abin da ya rage a jiki bai fi kaurin hawaye ba. Babu tudu, babu fili.

Mai-faci, wanda ya bar wani mai babur yana jiransa a waje, ya ce, "Wace tasha ka kamo haka?"

"Wadda za a sanar da rufe bakinka."

"Wallahi tsohon nan, ranar da za a binne ka, hannun nan a bar mana shi a waje."

Ya mayar da allon cikin kwali. Auta ta zo da yamma, ya ce ba yau ba. Ta dawo washegari, ya sa ta ta sunkuya ta shinshina.

"Kin ji wari?"

"Kaɗan."

"To kaɗan ɗin nan ya isa ya shaƙe abin da ke cikin ƙwai. Sai ya daina."

"Baba, ƙwaina yana tsufa."

"Ni ma haka. Ki jira."

Ranar da warin ya ɗauke ya ɓare salatif, ya ɓare danƙon da farce, yana fita kamar ɓawon gyambo. Ya naɗe allon a tsumma mai tsabta ya nufi gida. Direba yana nan, ya ɗaga tafiyarsa don ya gani da idonsa. Suka taru a ɗakin baya, Iya a bakin ƙofa. Baba Dalma yana faɗa, Auta tana cusa wayoyi, tana ɗaure ƙusoshi. Aka kunna.

Fanka ta tashi. Lambar zafi ta fito, ta soma hawa. Amma inda lambar danshi za ta fito babu komai sai ɗan layi, kuma injin ya kama ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, ba ya tsayawa.

Auta ta kashe ta kunna. Haka. Ta dafe kai ta dubi tiren ƙwan da ke jere a gefe.

Direba bai miƙa hannu ba, bai yi murmushi ba. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. Kowa ya ga ka yi ƙoƙari."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Baba Dalma bai ko dube shi ba. Ya ce a kashe, a zare wayar hancin. Ya ciro gilashinsa na duba ƙananan abubuwa ya kafa a ido, ya sunkuya. Can cikin ramin, a gindin wani siririn tsinke, ga ɗan guntun danƙo ya maƙale, bai kai ƙwayar gero ba. Shi ya hana waya taɓa ƙarfe. Shafin lafiya lau yake. Toshiyar da ya yi da hannunsa ce ba ta gama fita ba.

Ya zaro hantsaki daga aljihu. Ya kai bakinsa ramin. Hantsakin ya soma bugun gefen allon, kas, kas, kas, kowa yana ji. Ya janye, ya riƙe da hannu biyu, ya sake kaiwa. Rawar ta ƙaru. Ya san in bakin ƙarfen nan ya zame ko sau ɗaya, zai yage shafin ya yanke hanyar da ke ƙasa, daga nan babu allo, babu ƙwai, babu shago. Gumi ya tsattsafo masa. Iya ta juya baya.

A duk shekarun da ya yi yana sana'a bai taɓa barin ɗa ko 'ya sun taɓa masa kayan aiki ba. Direba yana yaro ya sha mari a kan wannan hantsakin. Tsohon ya miƙe daga sunkuyon, ya juya hantsakin, ya miƙa shi ta wajen mariƙi.

"Auta, zo. Ara mini hannunki."

"Baba, ban iya ba."

"Ban ce ki iya ba. Ido nawa, hannu naki. Riƙe nan, kusa da baki. Ɗora gwiwar hannunki a kan injin. Yawwa. Shiga a miƙe. Kada ki taɓa tsinken. Hagu kaɗan. Hagunki, ba nawa ba. Kin ji abu mai laushi?"

"Na ji."

"Matse. Kada ki fizga. Jawo kamar kina zare ƙaya a ƙafar jariri."

Danƙon ya miƙe, ya yi tsawo kamar tsutsa, ya saki. Ta ɗaga shi sama suna kallo, abin da bai isa a gani ba. Ta mayar da wayar, ta kunna. Fanka ta tashi, lambar zafi ta fito, lambar danshi ta biyo ta. Ɗakin ya yi tsit sai hucin injin.

Direba ya sosa ƙeya. "Amma Baba, ba da hannunka ka ƙarasa ba."

"Hannun da na haifa na maƙwabta ne? Sharaɗinmu inji ya kai ƙwai ga ƙyanƙyasa. Hau motarka ka je ka dawo."

Aka zuba ƙwai. Daminar bana kuwa kamar da gayya take yi. Ruwa ya yi ta zuba, in ya tsagaita gari ya ɗauki zufa, tufafi su ƙi bushewa a igiya. Kullum da safe kafin ya tafi shago sai Baba Dalma ya shiga ɗakin baya, ya buɗe murfin da ke kare allon, ya haska. Sau da yawa yakan tarar da raɓa ta zauna a kai ƙwaya-ƙwaya, ta rasa inda za ta kama, ta gangaro. Ya rufe ya fita. Iya kaɗai ta san abincinsa ya ragu, ita ma ba ta faɗa ba, sai dai takan ce, "Malam, in ka gama gaishe da surukin naka, shayinka ya huce."

Da aka shiga kwanakin ƙarshe Auta ta ƙara ruwa a cikin injin kamar yadda ake yi, gilashin ƙofar ya yi hazo har ba a ganin ƙwan. Nan ne wancan allon ya mutu. Tsohon ya daina zuwa shago da wuri. Yakan ja kujera ya zauna a ƙofar ɗakin, kunnensa a kan hucin fanka.

Wata safiya yana zaune sai ya ji wani sauti da ba na fanka ba, siriri, daga can ciki. Wani ya amsa. Kafin hantsi injin ya cika da kuka. Auta ta goge gilashin da gefen mayafi, ga su nan jiƙe-jiƙe suna tuntuɓe a kan ɓawo. Ba duka suka fito ba, akwai waɗanda suka yi shiru a cikin ƙwansu, kamar yadda ake samu a kowane zubi. Amma kwandunan da ta tanada sai da ta aro ƙari.

Direba ya dawo bayan kwana biyu, ya tarar da tsakar gida ba wurin taka ƙafa. Ya gaishe da uban, ya tsuguna, ya rasa ta inda zai fara.

"Mai askin yana ta tambayata."

"Ka ce ina gaishe shi."

"Baba, na ji, ka ci. Amma tsoron da na gaya maka yana nan. Hannun bai warke ba."

"Na ce maka ya warke?"

Tsohon ya sa hannu a ƙarƙashin tabarma ya jawo wani abu naɗe da tsumma, ya ajiye a gaban ɗan. Direba ya warware. Ƙarfen dalma ne, mariƙinsa ya yi baƙi ya lotsa daidai wurin yatsu.

"Wutar da kake tsoro ga ta nan. Ɗauka, ka jefa a rijiya in ka ga dama. Ni na san abin da hannuna ya daina iyawa, ba sai yaro ya gaya mini ba. Abin da ya rage kuma ni zan faɗi ranar da ya ƙare. Makulli yana wuyana. Mai son sa ya jira masu wanka su cire masa."

Direba ya juya ƙarfen a hannunsa, ya naɗe shi yadda yake, ya sa a aljihu. Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Auta tana zuba wa 'yan tsaki ruwa ta ce, "Baba, matar nan da muke sayen ƙwai tare, nata allon ma ya fara kore. Ta ce in tambaye ka."

"Ta kawo. Ki gaya mata ba na gaggawa. Ranar ɓare danƙo kuma ki zo da hannunki."

Iya ta ce, "Sunan fa? Dalma ta tafi. Yanzu Baba wa za mu riƙa cewa?"

"Ke dai ki ci gaba da cewa Malam."

Washegari ana yayyafi ya isa ƙofar shago. Ya ciro zaren daga wuya, ya kama kwaɗon da hagu, ya nufi ramin da makulli. Makullin ya bugi gefe. Ya sake, ya zame ta ƙasa. Mai-faci yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallo.

"Maƙwabci, kawo in buɗe maka, kada azahar ta same ka a nan."

"Zauna inda kake."

Ya gyara tsayuwa, ya jingina kafaɗa da ƙofar, ruwa yana ɗiga masa a hula. Ya ci gaba da nema har makullin ya shiga.